Ko Ya Kamata Mutum Ya Bar Garinsu Saboda Zaɓe Da Haraji?

Duk sa'ad da aka yi zaɓe, a Fassi ko Kibiya ko Rano, ba a rasa magidancin da zai ce shi kam ya gaji, tashi zai yi ya bar ƙasar. In aka tambaye shi dalili sai ya ce mutanen da ya ƙi su ne suka ci, kuma ga kuɗin da hukuma ke karɓa kullum sai ƙaruwa ya ke yi. Wannan magana ba abin dariya ba ce, gama a cikinta akwai gona da iyali da kabarin iyaye. Saboda haka ya kamata mai hankali ya auna ta kafin ya ɗaure kaya.

Mai son tashi yana da hujja. Zai ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Zai ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Makka zuwa Madina, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya bar Ɗagel zuwa Gudu a 1804, kuma cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan zamaninsa da su har da karɓe dukiyar talakawa ba bisa shari'a ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa waɗannan hijirori an yi su ne sa'ad da aka tsare wa mutane addininsu, aka nemi rayukansu. Wanda jam'iyyarsa ta sha kaye a akwatin ƙuri'a, ya kwana a ɗakinsa, ya yi sallarsa a masallacin unguwarsu, bai kai wannan matsayi ba.

A ƙasar Kano ma an taɓa tashi saboda haraji. Wajen shekarar 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da waɗansu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. Sun tsira daga mai karɓar haraji, amma daga wannan ƙaura aka sami daular Ningi, wadda mayaƙanta suka yi shekaru masu yawa suna kai hari kudancin ƙasar Kano, suna ƙone garuruwa, suna kama mutane. Waɗanda suka sha wahalar nan manoma ne, irin waɗanda su ma harajin ya dame su. Watau tashin mutum ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai.

A 1903 aka sake fuskantar tambayar nan, da nauyi fiye da na da. Da Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu, suka ci Sakkwato cikin Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a mai yawa. Aka kashe shi a Burmi cikin Yuli, waɗanda suka ragu suka ci gaba har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno. Waziri Buhari kuwa ya zauna, bayan ya shawarci malamai, don kada a bar talakawa ba mai tsaya musu. Dukansu biyu masu ilmi ne, masu tsoron Allah, kuma ba wanda ya tashi ko ya zauna don ɓacin rai na kwana biyu. Kowannensu ya dubi abin da zai sami jama'a kafin ya dubi kansa.

To, a dubi yadda harajin En'e ya ke a wancan zamani. A kan ƙidaya magidanta, a yanka wa gari jimlarsa, dagaci da masu unguwa su raba ta a kan mutane, a karɓa da kaka bayan an sayar da gyaɗa, hakimi ya kai baitulmali. Idan mutum ya sulale da dare bayan an yi ƙirga, sau da yawa rabonsa a kan maƙwabtansa ya ke faɗawa. Inda ya sauka kuma, ba a daɗewa za a nemi rasit ɗinsa, a sa shi cikin littafin wani dagaci. Mutanen ƙasar Maraɗi ma sun riƙa tsallakowa ƙasar Katsina don gudun harajin Faransa da aikin tilas, suka tarar nan ma ana biya. Wanda bai yi bincike ba sai ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Zaɓe kuwa abu ne mai juyawa. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 jam'iyyar NPC ce ta kwashe yawancin kujerun Arewa. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun yi ta kuka cewa ana tsananta musu wajen yanka haraji da gaban alƙali, har waɗansu suka bar garuruwansu. Waɗansu kuwa suka daure, suka zauna. Bayan shekara 20, a 1979, jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali. Ƙuri'un da suka kawo wannan, na waɗanda suka zauna ne da 'ya'yansu da matansu, gama a zaɓen 1959 matan Arewa ba su da ƙuri'a, a na 1979 kuwa suna da ita. Wanda ya tashi ya tafi da ƙuri'arsa, ya bar wa abokin hamayyarsa fili.

Wannan ba ya nufin zama wajibi ne ko ta halin ƙaƙa. Ƙasar Allah tana da faɗi. Idan ana neman ran mutum, ko an ƙwace gonarsa ba inda zai kai ƙara, ko abin da ya ke nomawa ba ya ciyar da iyalinsa bayan ya biya abin da aka aza masa, to, ba mai zarginsa in ya tashi. Haƙuri ba ya cika rumbu, kuma cin rani da fatauci tsofaffin hanyoyi ne na mutanen ƙasar nan.

Abin da a ke nema ga magidanci shi ne ya tambayi kansa tsakani da Allah: cuta ce ta kore shi, ko kuwa zafin kaye? Ya san halin wurin da za shi, ko labarin kasuwa ya ji? Akwai tsohuwa ko maraya ko mai binsa bashi da za su tagayyara in ya tafi? In cuta ce, ya kuma san inda ya nufa, ya sauke haƙƙin kowa, sai ya yi sallama da rana tsaka, ya tafi da albarkar mutane. In kuwa fushi ne, ya bari damina ɗaya ta wuce tukuna. Sau da yawa kafin a yi girbi zuciya ta huce, shi kuwa yana nan da gonarsa da danginsa da ƙuri'arsa, yana jiran zaɓe na gaba.

Allah ya ba talakawa shugabanni masu adalci, ya ba su kuma basirar zaɓensu, amin.