Wanda Tsararsa Suka Wuce Shi

Akwai wani ciwo da ba a kai shi wurin likita, ba a kuma cika faɗinsa lokacin roƙon addu'a a majami'a. Shi ne ciwon wanda tsararsa suka wuce shi. Budurwa ta raka ƙawayenta biyar gidajen mazajensu, ita kuwa har yanzu tana ɗakin mahaifiyarta. Saurayi ya gama jami'a a Yamai, ya koma Maraɗi da takardarsa, yana kallon abokin da suka zauna benci ɗaya ya sami aiki, ya gina gida, ya yi wa ɗansa suna. Mace ta shekara takwas da aure, ana ta ba ta jariran wasu ta riƙe.

A Nijar abin ya fi nauyi ga 'yan mata. Ƙididdigar UNICEF ta nuna kusan uku daga cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika shekara 18, saboda haka wadda ta kai 28 ba aure, unguwa ta riga ta yanke mata hukunci. Masu bi kuma kaɗan ne ƙwarai. A ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye, samarin da suka isa aure ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba.

To, wannan baƙin ciki zunubi ne? Alama ce Ubangiji ya juya wa mutum baya?

Littafi Mai Tsarki bai tsauta wa Hannatu ba. Kowace shekara takan hau Shilo tare da mijinta Elkana da kishiyarta Feninna mai 'ya'ya, kowace shekara kuma Feninna ta tsokane ta har ta kasa cin abinci. Elkana ya yi ƙoƙarin lallashinta da cewa shi ya fi mata 'ya'ya goma. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma maganar ba ta kai wurin ciwon ba. Eli firist ma ya zaci buguwa ta yi. Hannatu ba ta ɓoye ɗacin ranta ba, ta zuba shi gaban Ubangiji. Inda zunubi yake fara shiga shi ne sa'ad da baƙin cikin rashin abu ya juya ya zama baƙin cikin samun da wani ya yi. Nan Kayinu ya faɗi. Hannatu ta kai ƙararta wurin Allah, Kayinu ya ɗora tasa a kan ɗan'uwansa Habila.

A Bishara ta Yohanna sura 5 akwai mutumin da ya shekara 38 da ciwo, yana kwance a bakin tafkin Betasda a Urushalima. Kukansa shi ne ba shi da mai sa shi cikin ruwa, kafin ya ja jiki wani ya riga shi. Duk wanda tsararsa suka wuce ya san wannan kuka. Abin lura, Yesu bai ɗauke shi ya ruga da shi tafkin domin ya riga sauran ba. Ya warkar da shi nan inda yake kwance, ruwan bai taɓa shi ba. Mutumin yana ganin hanya ɗaya ce tak, wadda kowa yake bi, shi kuma kullum na ƙarshe ne a kanta. Ubangiji bai shiga wannan tsere ba ko kaɗan.

Manomi ya san haka tun a gona. Da damina kowane itace yana kore, gawo kuwa ya kaɗe ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Da rani, sa'ad da sauran suka bushe, sai ya tofo, dabbobi su sami inuwa da abinci, geron da aka shuka a gindinsa kuma ya fi na nesa kyau. Baƙo ne kaɗai zai sare gawo a watan Agusta yana cewa ya mutu.

Amma kada a yi wa mutane alkawarin da Allah bai yi ba. Hannatu ta haifi Sama'ila, gaskiya ne. Annabi Irmiya kuwa Ubangiji ya hana shi aure da haihuwa. Ibraniyawa sura 11 ta lissafta masu bangaskiya waɗanda suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Yesu da kansa bai yi aure ba, bai gina gida ba, an binne shi a kabarin wani. In da aure da gida da 'ya'ya su ne ma'aunin cikar mutum, da Mai Ceto ma bai cika ba. Mai wa'azin da ya ce wa kowa bikinsa yana zuwa baɗi ya sami “Amin” mai ƙarfi, amma in baɗi ta zo ba biki, wa zai ɗauki alhakin bangaskiyar da ta karye?

Haɗarin jira shi ne gajeriyar hanya. Saratu ta shekara goma a Kan'ana ba haihuwa, sai ta ba Ibrahim baiwarta Hajaratu. An haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86, Ishaku ya zo yana da 100, gidan kuwa ya rabu biyu. Yau gajeriyar hanya takan zama auren da zai raba budurwa da ikkilisiya, ko zuwa wurin boka da dare, ko hawa mota a Agadas zuwa Libiya domin a dawo da abin nuna wa tsara. Akwai waɗanda hamada ba ta mayar da su ba.

Ikkilisiya ma tana da nata rabon laifi. Tambayar nan ta “yaushe za mu sha biki?” wasa ce ga mai yinta, ga mai jinta kuwa ƙaya ce, musamman a bakin ƙofar majami'a. Matan aure suna da zumuntarsu, matasa suna da tasu, wadda ta girmi matasa ba ta kuwa yi aure ba takan rasa inda za ta zauna. Manzo Bulus ya umarci Romawa su yi murna tare da masu murna, su kuma yi kuka tare da masu kuka. An daɗe ana neman na farkon daga wurin waɗanda aka wuce, suna kuwa yi, su ne masu girki da jera kujeru a kowane biki. Na biyun har yanzu bashi ne a wuyan waɗanda suka riga suka samu.