Yabon da Ya Makara

A 2020, lokacin kullen korona, waƙar "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta game wayoyin ƙasar Hausa cikin 'yan makonni. A shekarar ce kuma TikTok ya tono wata waƙar Japan, "Mayonaka no Door", wadda Miki Matsubara ta rera a 1979. Duniya ta ɗauka, alhali mawaƙiyar ta rasu tun 2004.

To, 'yan'uwa marubuta, aikin da yabonsa ya tarar da mai shi a kabari, asara ce? A ganinmu, a'a. Lokacin karɓuwa ba a hannunmu yake ba, inganta aiki ne namu. Wani rubutun inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Mu dai mu kyautata, sauran na Allah ne.