Malami Da Kurkuku: Darasi Daga Rayuwar Shehu Ahmad Baba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, wani ɗalibina daga Kiru ya tambaye ni: shin wajibi ne malami ya tanka idan mai mulki ya yi zalunci, ko kuwa ya tsaya ga littafinsa ya tsira da ransa? Amsata tana cikin labarin Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda aka haifa a 1556.

A 1591 Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya aiko da runduna ta ci daular Songhai. Malaman Tumbuktu ba su yi na'am da wannan mamaya ba, sai aka tuhume su da zuga jama'a. A 1593 aka kama Shehu tare da danginsa, daga baya aka keta Sahara da su cikin mari zuwa birnin Marrakesh. A hanya ya faɗo daga raƙumi ya karye, kuma aka wawashe littattafansa kimanin 1,600.

Ya shekara biyu a tsare. A 1596 aka sake shi, bisa sharaɗin kada ya bar birnin. Sai ya zauna a masallaci yana karantarwa, har alƙalan ƙasar da ta ɗaure shi suka riƙa ɗaukar karatu a gabansa. Bai koma gida ba sai 1608, ya rasu a 1627.

To, me wannan wahala ta haifar? A 1615 mutanen Tuwat suka nemi fatawarsa game da bayin da ake kawowa daga ƙasashenmu. Ya amsa cewa baƙar fata ba hujjar bautarwa ba ce, kuma mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno Musulmi ne 'yantattu, haramun ne a mallake su. Wanda ya kwana da mari shi ya san nauyinsa a ƙafar wani.

Don haka, ya malaman Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, faɗin gaskiya amana ce, amma da sharaɗi: a faɗe ta da ilmi da ladabi, don Allah, ba don neman muƙami ba. Wanda ya faɗe ta kuwa, ya shirya haƙuri da abin da zai biyo baya.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.