Gudan jini, ɗan kokowa da sharaɗin karɓar magana

Tun daga 2021 ake ta tura wasu hotunan bidiyo a WhatsApp, inda ɗan ƙwallo yake cikin gudu sai ya yanke jiki ya faɗi, wata murya kuma tana cewa allurar korona ce ta daskarar masa da jini kuma hukumomin lafiya sun ɓoye. Irin wannan hoto yana da nauyi a ƙasar da ake girmama ƙarfi, kamar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, inda kokowa take cika fili bayan kaka, inda kuma babban filin kokowa na Maraɗi yake ɗauke da sunan Kantu, ɗan kokowar da ya fara ɗaukar takobin gasar ƙasar Nijar a Tawa a 1975. Mai kallo zai ce idan jibgege ya faɗi haka, ina ga mai raunin jiki. Amma manomin Gazawa ba ya iya leƙa cikin jijiyar kowa, dole ya karɓi maganar wani. Ra'ayina shi ne a auna hukuma da mai tura saƙo da ma'auni guda, kuma idan aka yi haka, wanda ya taɓa fitowa ya faɗi aibin kayansa shi ya fi cancantar a saurare shi.

Da farko, ƙarfin jiki bai taɓa zama kariya daga gudan jini ba. Jini yana dunƙulewa a jijiya idan gudunsa ya ragu, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya zama mai saurin daskarewa, kuma ɗan wasa yana haɗuwa da duka ukun. Ɗan kokowar da ya gurɗe a gwiwa, ya yi zufa har jikinsa ya bushe, sannan aka cusa shi cikin mota ya wuni ƙafa a lanƙwashe daga Maraɗi zuwa Agadas, ya tara dalilan cutar ko da allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Alamarta sananniya ce: sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta fi ɗayar, ta yi zafi, ta yi tauri. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, numfashi ya gagara, ƙirji ya riƙa suka, wani lokaci har da tarin jini. Masu ɗauke da rabin gadon sikila, waɗanda suke da yawa a ƙasar Hausa, haɗarinsu ya ɗan fi na saura. Serena Williams ta yi gudan jini a huhu a 2011, Chris Bosh ya bar ƙwallon kwando bayan abin ya same shi a 2015 ya kuma dawo a 2016. Faɗuwa a fili kuwa galibi ciwon zuciya ne dabam: Samuel Okwaraji ya rasu a filin wasa na Legas a 1989, Marc-Vivien Foé a Liyon a 2003, duk kafin a san korona. Christian Eriksen, wanda aka fi yawo da hotonsa bayan ya faɗi a Yuni 2021, shugabannin ƙungiyarsa ta Inter Milan sun ce ba a yi masa allurar ba ma.

Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala ta karɓar labarin abin da ba ka gani ba. Suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin an san shi da gaskiya, shin an san shi da kiyaye abin da ya ji. Sun bambanta maruwaicin da yake kuskure jefi-jefi da wanda yake ƙirƙira, kuma ba su karɓar ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba komai daɗin zancensa. A ɗora batun allura a kan wannan. Gaskiya ne allurar AstraZeneca ta haddasa wani irin gudan jini mai haɗari, tare da faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ga mutane ƙalilan a cikin kowane dubu ɗari, kuma wasu sun mutu. Wa ya gano haka? Likitoci ne a Jamus da Norwe da Ingila suka lura, hukumar magunguna ta Turai ta sanar da alaƙar ranar 7 ga Afrilu 2021, Ingila ta daina bai wa matasa ita, Amurka ma ta dakatar da ta Johnson & Johnson na ɗan lokaci a wannan watan. Ɗan gaskiyar da ke cikin saƙon WhatsApp daga bakin waɗanda yake zargi da ɓoyewa ya fito. Mai muryar kuwa ba shi da suna, ba wanda zai koma wurinsa idan maganarsa ta tashi ƙarya.

Mai ja da wannan yana da hujja, kuma hujjarsa ba ta jahilci ba ce. Zai tuna da Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau, yara 11 cikin 200 suka mutu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 a 2009. Zai tuna da annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, inda aka yi wa fiye da mutum 50,000 allurar jabu. Mutumin Gidan Rumji zai ƙara da 2005, da yara suke ramewa a gabansa shugaban ƙasa yana musun akwai yunwa, da kuma 2008 da gwamnati ta dakatar da aikin Likitoci Marasa Iyaka na Faransa a Maraɗi. Mafi kaifi ita ce ta Afrilu 2021: a watan da Danmak ta ajiye AstraZeneca gaba ɗaya, a watan ne aka sauke ta a Yamai ƙarƙashin shirin raba allura na COVAX. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wadda kuma mamatan korona da aka lissafa a cikinta ɗari uku ne da ƴan kai, lissafin riba da haɗari ba zai zama irin na Turai ba, kuma ya kamata a ce an zauna an yi wa mutane wannan lissafi a fili da Hausa. Cewa allura ba ta da wata illa ko kaɗan magana ce mai sauƙin faɗa a rediyo, amma da zarar mutum ya ji akasinta daga waje, ya daina yarda da sauran abin da za a faɗa masa.

Sai dai duk waɗannan misalai suna nuna a yi bincike ne, ba su nuna a yi watsi da kowa ba. Jabun 1995 ma'aikatan lafiya ne suka gano shi da suka ga ruwan allurar bai yi kama da na gaske ba. Watsi na gaba ɗaya kuwa an gwada shi an ga kuɗinsa. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yaran da suka shanye kuma ƴaƴan talakawa ne, har da na wannan ɓangare na iyaka. A ɗaya hannun, allurar MenAfriVac da Nijar ta fara a 2010 ta kusa kawar da nau'in sanƙarau da ya fi kashe mutane a lokacin zafi. Hukumomi irin waɗanda suka yi sakaci a can su ne suka yi wannan aiki a nan, don haka hukuncin adalci a kansu shi ne na maruwaici mai kuskure, wanda ake duba kowace ruwayarsa, ana karɓa ana ajiyewa bisa hujja.

Akwai mai cewa duk wannan wahalar banza ce, wanda kwanansa ya ƙare zai tafi. Haka ne, amma imani da ajali bai taɓa ɗauke wa likita alhakin sakaci ba a fiƙihun Malikiyya, bai kuma halatta wa kowa ya jingina mutuwar wani ga abin da bai tabbatar ba. Nauyin ya fi yawa a kan hukuma, domin ita ke da ilimi da iko. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke asibitin karkara a Agye, ya kamata ya iya faɗa wa mutum illar da ake tsoro da alamominta kafin ya soka masa allura, ya rubuta ƙorafin wanda ya dawo da ciwo, ƙorafin kuma ya isa Maraɗi da Yamai a ba da amsa. Su ma masu kula da ƴan kokowa suna da nasu aikin, domin sha-raɓar da ta kumbura bayan rauni ko doguwar tafiya ba ta tausa ba ce ba kuma ta tsaga ba ce. A kai mai ita asibitin da ke da na'urar hoton jijiya a ranar, a fara masa maganin tsinka jini kafin gudan ya kai huhu.