Kafin Ka Biya Kuɗin Kwamfuta a Kan Maganar Wani

Ɗana, babu majalisar samari da za ka zauna a yau ba ka tarar da masanin kwamfuta ba. Wani ya rantse HP ce kaɗai ke jure zafin ƙasar nan. Wani ya ce in ba Core i7 ba ce, kada ma a nuna masa. Akwai kuma wanda ya haƙiƙance cewa sabunta Windows ne ke kashe kwamfuta, don haka tun ranar da ya sayi tasa ya toshe hanyar sabuntawar, yana ma alfahari da hakan. Hira ce mai daɗi, ni ma ina jin daɗinta, ba kuma zan ce ka daina ba. Abin da nake ji maka shi ne ranar da za ka ɗauki kuɗin adashin mahaifiyarka, ko albashinka na wata uku, ka nufi Farm Centre ko Titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ba ka riƙe da komai sai abin da ka tsinta a bakin abokai. Wanda ya ba ka shawarar tuni ya manta ya faɗa. Kai ne za ka zauna da na'urar shekara huɗu ko biyar, kana kallonta tana tsaki kana tsaki.

Mu fara da i7 ɗin nan, tunda shi ya fi cin kuɗin bayin Allah. Kamfanin Intel ya fito da sunan Core i7 tun 2008, ya kuma ci gaba da liƙa shi a kan sababbin furosesoci shekara bayan shekara. Kamar sunan gida yake: kaka na amsa shi, jika ma na amsa shi, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Abin da ke raba su yana cikin lambar da ke bin sunan. Idan ka ga i7-3520M, lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 3, ita ce zubin, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. Zubi na uku ke nan, na 2012. Idan ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017. Daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyun farko ake karantawa tare.

To ga abin da majalisa ba ta cika sani ba. Furosesan i7-7500U, wanda ya fito a 2016, cibiyar lissafi biyu ce a cikinsa. Shi kuwa i5-8250U da ya biyo bayansa da shekara guda, huɗu gare shi. Ka buɗe shafuka da yawa a intanet, ka haɗa da Excel da tace bidiyo, sai ka ga wannan i5 ɗin da ake rainawa ya bar i7 a baya. Mai shago ba lallai ne ya yi maka ƙarya ba. Ka shigo ka ce i7 kake so, ya ɗauko maka i7. Shekarunta ne ba ka tambaya ba, shi kuma kasuwa ya fito. Kada kuma ka dogara da sitikar da ke jikin kwamfutar, domin sitika ana ɓarewa a liƙa wata. Ka kunna ta, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, ka shiga sashen Performance, za ka ga cikakken sunan furosesan da idonka. Gani ya kori ji.

Wannan lissafin zubi ya ƙara nauyi tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 bayan shekara goma. Da labarin ya iso mana, kashi biyu aka rabu. Wasu suka ce daga ranar kwamfutoci za su daina tashi. Wasu, ganin gari ya waye tasu ta tashi lafiya, suka ce duk barazana ce ta 'yan kasuwa. Duka biyun sun kauce. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin ke aikowa kowane wata don toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Duk kafar da aka gano bayan wannan rana, a buɗe za ta zauna, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da aka ba masu amfani na gida, wanda shi ma iyakarsa 13 ga Oktoba 2026.

Magajiyarta Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa. Tana son wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ban da 'yan tsiraru, ba ta karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas, ko na AMD da ke ƙasa da jerin Ryzen 2000. Ka san inda tsofaffin kayan ofisoshin Turai da Amurka ke ƙarewa idan sun sauke su. A kwantena suke zuwa, mu karɓe su da sunan Beljiyam. Shi ya sa za ka ga irin su HP Folio 9470m ta zubi na uku, ko EliteBook 840 G3 ta zubi na shida, an goge su tsaf, jiki luwai, farashi mai sauƙi. Ƙarfe ne mai kyau, ban musa ba. Amma ka sani Windows 11 ba ta amince da su ba. Kuma kada ganin ta a kan sikirin ya ruɗe ka: masu gyara sun san dabarar tsallake sharuɗɗan su ɗora ta da ƙarfi, Microsoft kuwa ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura faci ba.

Ba ina cewa ka jefar da tsohuwar da ke hannunka ba ne. Idan aikinka rubutu ne, da bincike, da gwajin tambayoyin JAMB, da kallon darussa, akwai Linux Mint da Ubuntu, manhajoji na kyauta da ake sabunta su a kai a kai, masu tafiya sumul a kan kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, shi ma ba ko kwabo. Sai dai kada wani mai zafin kishin Linux ya ja ka ido rufe, don su ma suna da nasu 'yan majalisar, kuma sun fi kowa iya wa'azi. Idan abincinka a CorelDRAW yake, kana zana katin biki da fosta, babu shi a Linux. Aikin da za ka yi shi ne zai zaɓar maka, saboda haka duk wanda ya ce maka sayi kaza bai fara tambayarka me za ka yi da ita ba, kansa yake ba wa labari.

Haka ake ruɗar mutane da girman ma'ajiya. Za ka ji saurayi yana cewa tasa 1TB ce, yana yi wa mai 256GB dariya. Tambaye shi wace iri ce. Tsohuwar ma'ajiya, HDD, faifai ne ke juyawa a ciki, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, da wata 'yar allura mai bin sa tana karantawa. Gudunta bai cika wuce megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba. Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta, kuma ko mai araha tana kaiwa kusan 500. A nan ne bambancin kwamfutar da ke tashi kafin ka gyara zama yake da wadda sai ka je ka yi alwala ka dawo. Ga kuma hanyoyinmu: wanda ke yawo da jaka a bayan acaɓa ko cikin adaidaita sahu, faifai mai juyawa ba ya son jijjiga, ranar da zai tafi kuma da takardunka zai tafi. Sau da yawa kwamfutar da ake cewa ta tsufa, SSD kawai take buƙata da ƙarin RAM zuwa 8GB, kuɗin da bai kai ko kusa da na sabuwa ba. Sai ka tambaya tun a shago ko RAM ɗin na ciruwa, don a wasu sirara an narka shi ne a jikin babban allon cikin kwamfutar, ba a ƙarawa.

Yanzu mu koma ga abokinka mai toshe sabuntawa. Na san hujjarsa: data na tsada, kuma abin yakan zo ne daidai lokacin da batir ke kuka. Uzuri ne na gaske. Amma ka ba shi labarin WannaCry. A Mayu 2017 wannan muguwar manhaja ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Birtaniya sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya, aka riƙa karkatar da motocin ɗaukar majinyata. Kafar da ta bi ta shiga, Microsoft ya riga ya fitar da facinta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne waɗanda ba su ɗora ba, da masu tsofaffin Windows da aka daina tallafa wa. Idan data ce matsalar, ka tsara abin: ka bar shi zuwa dare lokacin garaɓasa, ko inda ka samu wayifai na makaranta ko ofis.

Idan abokin nan naka mai bin labarai ne, zai mayar maka da CrowdStrike. Ranar 19 ga Yuli 2024 kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, suka tsaya cak da shuɗin sikirin. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani. Kafin azahar an gama yanke hukunci a wayoyinmu, wasu na cewa harin wata ƙasa ne, wasu na cewa Windows ce ta rushe. Ashe CrowdStrike ɗin, wani kamfanin tsaro na Amurka, shi ne ya tura wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure. Gaskiya ne, sabuntawa ce ta jawo, a nan abokinka ya samu maki. Sai dai manhaja ce ta manyan kamfanoni wadda ba ta cikin kwamfutar ɗalibi ko mai shagon buga takardu, adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows ba, kuma gyaran bai wuce a shiga a goge fayil guda ba. Wanda aka kulle wa fayiloli a 2017 bai samu wannan sauƙin ba.

Abin da nake so ka ɗauka daga ranar CrowdStrike ɗin nan shi ne haƙurin kwana ɗaya kafin ka tura labari. Ka tuna 2020, lokacin da aka cika wayoyi da cewa 5G ce ke kawo korona. A Birtaniya har turakun sadarwa aka cinna wa wuta. A Najeriya cutar ta shigo a Fabrairu 2020, alhali ba a yi gwanjon lasisin 5G ba sai Disamba 2021, ba a kuma fara sayar wa jama'a ba sai 2022. Mutanen kirki ne suka yaɗa maganar, har da masu ilimi, kowa na cewa ga yadda aka turo masa. Za a tambaye ka a kan abin da ka tura, ko da ba kai ka rubuta ba.

Akwai wani abu da mai gyara zai yi maka da sunan kyautatawa, ina so ka ƙi. Zai cika maka kwamfuta da manhajojin sata, Office da Photoshop da sauransu, ya ce kyauta ce. Ka lura da matakin farko na ɗora su: sai an kashe manhajar tsaro. Ka tsaya ka yi tunanin dalili. Ba ka san wanda ya fasa manhajar ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma a kan wannan na'urar za ka shiga imel ɗinka da asusun bankinka. Ban ma taɓo maganar haƙƙin masu ita ba, wannan kai ma ka sani. Ke ma 'yata, da ke ajiye hotunan gida da takardun makaranta a ciki, maganar ta fi shafar ki. Idan za ki kai gyara, ki kwashe abin da ba ki son wani ya gani, ko ki tsaya a yi a gabanki.

Ranar da ka shirya saye, ka tafi da safe, kada ka je kana sauri. Ka karanta lambar furosesa kamar yadda na nuna maka. Ka buɗe taga baƙa ta umarni ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da rahoto mai nuna ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, ka sa kuɗin sabon batir cikin ciniki, don a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, kwamfutar da ba ta riƙe caji ta zama ta tebur. Ka sa a shiga BIOS a gabanka don ka tabbata tsohon ofishin da ya yi amfani da ita bai bar ta a kulle da kalmar sirri ba. Ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka soka filash a kowace kafa, ka gwada kyamara da lasifika, ka bar ta tana aiki na ɗan lokaci ka ji ko fankarta na ihu. Ka dubi cajar ma, domin ta jabu kan lalata batir ko ta ƙona allon gaba ɗaya. Sannan ka nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da adadin kwanakin da aka yarda ka dawo da ita idan matsala ta fito. Yawancin masu shago mutanen kirki ne, za su rubuta maka ba gardama. Wanda ya ce tsakaninku ai ba sai an yi rubutu ba, ka yi masa godiya, ka yi masa fatan alheri, ka shiga shago na gaba.