Jeri da Juyinsa: Me Ke Canzawa Idan Ba a Rasa Komai Ba?

A fannin rubuta manhajar kwamfuta, jeri shi ne gurabe da aka jera cikin ma'adanar na'ura, kowane gurbi da lambarsa, kowanne kuma ɗauke da abu guda: adadi, ko harafi, ko suna. A yaruka irin su C da Java da Python, lambar gurbin farko sifiri ce, don haka jeri mai abu huɗu gurabensa su ne 0, 1, 2, 3. Juya jeri shi ne na ƙarshe ya dawo farko, na farko ya koma ƙarshe: 3, 8, 5, 1 ya zama 1, 5, 8, 3. Aiki ne da ake ba ɗalibi tun yana sabon shiga. Sai dai yana tayar da tambayar da masana falsafa suka daɗe suna kai-komo a kanta: abin da aka juya, ba a rage masa komai ba, ba a ƙara masa komai ba, to me ya canza a cikinsa?

Hanyar da aka saba bi ita ce a kafa manuni biyu, ɗaya a farkon jerin, ɗaya a ƙarshensa. A musanya abin da suke nunawa, kowanne ya matsa taki ɗaya zuwa ciki, a sake musanyawa, har su haɗu. Jeri mai abu 10 musanya 5 yake buƙata. Mai abu 7 kuwa musanya 3, na tsakiya ba ya ko motsi. Kowace musanya tana buƙatar gurbin wucin gadi da za a ajiye abu ɗaya kafin a rubuta wani a kansa. Wanda ya manta da wannan gurbi, ya dinga kwafo na baya zuwa gaba kawai har ƙarshe, zai tarar 3, 8, 5, 1 ya koma 1, 5, 5, 1: an shafe 3 da 8 gaba ɗaya. Wanda kuma ya yi musanyar daidai amma bai tsaya a tsakiya ba, ya zarce har ƙarshe, jerinsa zai dawo yadda yake tun farko, domin ya juya shi sau biyu.

Idan aka duba sakamakon juyi mai kyau, abin da ya tsira yana da yawa. Yawan abubuwan yana nan. Jimlarsu 17 ce kafin juyi da bayansa. Maƙwabtaka ma ba ta taɓu ba: 8 tana tsakanin 3 da 5 a da, tana tsakaninsu a yanzu. Abu ɗaya kawai ya sauya, wato wane ɓangare ake kira farko.

A kan irin wannan ne Gottfried Leibniz, masani ɗan ƙasar Jamus, ya yi muhawara da Samuel Clarke, malamin coci a Ingila kuma na hannun daman Isaac Newton, cikin wasiƙun da suka yi musaya a 1715 da 1716. Newton yana ganin sarari abu ne mai zaman kansa, yana nan ko da babu komai a cikinsa, kuma kowane wuri a cikinsa daban yake da ɗan'uwansa. Leibniz ya ce in haka ne, a ƙaddara Allah ya halicci duniya a juye, gabas ta koma yamma, amma duk abin da ke cikinta ya riƙe matsayinsa dangane da saura. A ra'ayin Newton wannan wata duniya ce daban. To wane dalili zai sa Mahalicci ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya, alhali babu abin da ya fifita wata a kan wata? Leibniz ya tsaya a kan cewa babu abin da ke aukuwa ba tare da isasshen dalili ba, saboda haka ya yanke cewa duniyoyin biyun ɗaya ne, kuma sarari ba komai ba ne illa tsarin yadda abubuwa suke dangane da juna. Clarke ya amsa da cewa nufin Allah kaɗai ya isa dalili, kuma wanda ya ce Allah ba zai iya zaɓa tsakanin abu biyu masu kunnen doki ba, ya taƙaita ikonsa. Leibniz ya rasu a watan Nuwamba na 1716 ba su cimma matsaya ba.

Ma'adanar kwamfuta, a kallon farko, ta goyi bayan Newton. Kowane gurbi yana da adireshi tabbatacce, ko da abu a cikinsa ko babu. Juyi yana ɗauke abu daga adireshi ya kai shi wani, adireshin kuwa yana nan daram. Amma masu tsara yarukan manhaja sun samar da hanyoyin da suka nuna maganar ba ta ƙare a nan ba. A Python, umarnin reverse yana juya jerin a inda yake, ya musanya abin da ke cikin gurabensa. Umarnin reversed kuwa ba ya taɓa komai. Yana ba da mai karatu ne da ke farawa daga baya. Sashen manhajar da ke karɓar abubuwan ɗaya bayan ɗaya ba shi da yadda zai gane wanne aka yi masa, ko jerin aka juya ko karatun. Idan kuma aka juya jerin, aka juya duk wani mai karanta shi, sakamakon manhajar ba zai bambanta da na farko ba ko kaɗan. Wannan ita ce hujjar Leibniz cikin ƙaramin sarari. Juyi yana bayyana ne saboda akwai wani abu a waje da bai juya ba. Bambancin kawai shi ne, Leibniz duniya duka yake magana a kai, ita kuwa ba ta da waje, jeri kuwa kullum yana da shi.

Wannan wajen ne ke jawo wa masu manhaja ciwon kai. A JavaScript, reverse yana canza ainihin jerin, don haka idan sassa biyu na manhaja suna riƙe da jeri ɗaya da sunaye daban, ɗaya ya juya shi, ɗayan zai wayi gari da jeri a juye ba da saninsa ba. A 2023 aka ƙara toReversed cikin ƙa'idar yaren, wanda ke ba da sabon jeri ya bar tsohon. Na farko abu ɗaya ne da ya sauya hali. Na biyu abu biyu ne masu kama da juna.

Akwai kuma tambayar da ke gaban juyin kansa: mene ne abu guda a cikin jerin? Karatun allo a ƙasar Hausa ya nuna amsar ba a fili take ba. Bayan Fatiha, almajiri yana farawa daga Nasi, sai Falaƙi, yana hawa sama har Baƙara. Surorin a juye yake bin su, amma ayoyin kowace sura a jere suke yadda suke a Mus'hafi, kuma babu malamin da zai yarda a juya su. An zaɓi sura a matsayin abu guda, abin da ke cikinta ba a taɓa shi. Kwamfuta ba ta san wannan zaɓi ba sai an faɗa mata. A tsarin UTF-8 na adana rubutu, harafin a ko b bayit ɗaya ne, wato gurbi ɗaya na ma'adana, amma ɓ da ɗ da ƙ kowanne bayit biyu ne. Manhajar da ta juya rubutun Hausa bayit-bayit za ta raba waɗannan haruffa gida biyu, ta fitar da shirme a gurbinsu. Ko an juya shi harafi-harafi, sh da ts za su wargaje, domin na'ura haruffa biyu take gani inda mai karatu ke jin sauti ɗaya.

Juyi yana cikin ayyukan da ake iya warwarewa, domin shi ne maganin kansa. Yawancin ayyukan kwamfuta ba haka suke ba. Abubuwa 10 mabambanta ana iya jera su ta hanya 3,628,800. In aka tsara su daga ƙarami zuwa babba, duk hanyoyin nan sun koma ɗaya, kuma sakamakon ba ya faɗin daga ina aka taso. Haka jimla: 17 ba ta nuna cewa 3, 8, 5, 1 ne suka haife ta. A 1961 Rolf Landauer na kamfanin IBM ya nuna cewa shafe bayani yana da farashi a zahiri, dole a fitar da ɗan zafi a kan kowane bit, wato ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, da aka shafe, kuma gwajin da aka yi a Lyon ta Faransa ya tabbatar da haka a 2012. Charles Bennett ya nuna a 1973 cewa kowane lissafi ana iya sake tsara shi yadda ba zai shafe komai ba, muddin za a tanadi wurin ajiye sawun da ya bari. Juyin jeri ba ya buƙatar irin wannan tanadi: a ƙa'ida, wannan farashin shafewa bai hau kansa ba, ko da yake na'urorin da ake amfani da su yau suna fitar da zafi a kansa kamar kowane aiki, saboda yadda aka ƙera su.