Baitocin Ƙarfafa Zuciya da Rayuwar Mawaƙan Sin na Dauri

A ƙasar Sin akwai baitocin mawaƙan dauri waɗanda yara ke haddacewa a makaranta, ake rubutawa da alƙalamin gashi a rataya a bango, ake kuma karanta wa wanda ya faɗi jarrabawa ko ya rasa muƙami domin a ƙarfafa masa zuciya. Tambayar da malaman ƙasar suka daɗe suna jujjuyawa ita ce ko ƙarfin waɗannan baitoci daga kalmominsu yake, ko kuwa daga rayuwar wanda ya tsara su. Mengzi, malamin ƙarni na 4 kafin miladiyya wanda ake ɗauka a matsayin babban magajin koyarwar Konfushiyas, ya tafi a kan cewa bai dace a rera waƙar mutum ba tare da an san shi da zamaninsa ba, kuma a kan wannan ra'ayi aka gina mafi yawan sharhin waƙa na Sinawa, har ta kai ana jera waƙoƙin mawaƙi shekara bi shekara daidai da abin da ya same shi.

Ra'ayin ya samu karɓuwa ne saboda galibin mawaƙan ma'aikatan hukuma ne ko masu neman zama haka, domin a zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, tsara waƙa ya shiga cikin abin da ake gwada mutum da shi a jarrabawar jinshi, wato babbar jarrabawar da ke buɗe ƙofar aikin fada. Koyarwar Konfushiyas ta ɗora wa mai ilimi nauyin yi wa sarki da talakawa hidima, tafarkin Dao kuwa, wanda ake jingina wa Laozi da Zhuangzi, yana kiransa ya saki neman girma ya bi yadda halitta ke tafiya, don haka duk wanda aka kora daga fada sai kiran biyu su yi ta jan sa. Tao Yuanming ya amsa na biyu tun a 405, lokacin da ya ajiye hakimcin Pengze bayan kwana tamanin da 'yan kai, ya koma gona.

Li Bai ne ya fi nuna haɗarin yanke baiti daga jikin rayuwa. Wasu daga cikin baitocinsa na kyakkyawan zato da aka fi yaɗawa suna ƙarshen wata waƙa ce wadda jigonta wahalar hanya, kuma malamai da dama suna danganta ta da barinsa fadar Chang'an a 744. Wanda ya tsinci baitin shi kaɗai zai ɗauka albishir ne na nasara, alhali nasarar ba ta zo ba, domin an kama mawaƙin a 757 saboda bin Yariman Yong, wanda fada ta ɗauka ɗan tawaye, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Yelang, aka yafe masa a 759, ya rasu a 762 ba tare da wani muƙami na a zo a gani ba. Abin da ke cikin baitin dai tsayuwar zuciya ce ta mutumin da aka rufe wa ƙofa.

Labarin Du Fu ya fi wannan nauyi. Bai ci jarrabawar jinshi ba, kuma a ƙarshen 755, shekarar da An Lushan ya yi tawayen da ya girgiza daular, ya je ganin iyalinsa a Fengxian ya tarar yunwa ta kashe ƙaramin ɗansa. A 761 iska ta yaye jinkar bukkarsa a Chengdu, ruwa ya kwana yana zuba masa, sai waƙar da ya tsara a kan abin ta ƙare da tunanin sauran matalauta marasa matsuguni maimakon kukan kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya sa tausayin da ke cikin waɗannan baitoci yake da hujjar da mai kwana a katafaren gida ba zai iya kawowa ba, ko da ya fi shi fasaha.

Daga irin wannan ne Ouyang Xiu, malami kuma ɗan siyasar daular Song wanda ya rasu a 1072, ya fitar da ƙa'idarsa a gabatarwar da ya rubuta wa waƙoƙin abokinsa Mei Yaochen, cewa tsanani ne ke gwanantar da mawaƙi. Ƙa'idar tana da daɗin ji, amma an wuce gona da iri wajen dogaro da ita, domin mawaƙi Wang Wei ya riƙe manyan muƙamai, yana da gandunsa a Wangchuan, bai kuma gaza kowa a waƙa ba, sannan tawayen An Lushan ya tagayyara mutane masu ɗimbin yawa waɗanda wahala ta rufe musu baki ba su bar ko baiti ɗaya ba. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne wahala ba ta ƙera gwaninta, sai dai ta tsaya wa maganar gwani a matsayin shaida.

Su Shi ya ƙara wani abu a kan wannan, domin shi waƙar ce da kanta ta jawo masa masifa. A 1079 aka tsare shi fiye da kwana ɗari bisa zargin cewa baitocinsa suna zambo ga sababbin dokokin da babban jami'in fada Wang Anshi ya ƙirƙiro, aka kore shi zuwa Huangzhou, inda ya noma wata gangara ta gabas wadda daga gare ta ya samu laƙabin Dongpo. A can, a 1082, ruwan sama ya same shi da abokansa a hanya ba su da abin kariya, sai ya tsara waƙar da har yau ake kafa hujja da ita wajen natsuwa a lokacin tsanani. Masu yaɗa ta sukan manta cewa natsuwar aba ce da ya koya a hankali daga karatun Zhuangzi da zama da malaman Chan, wato reshen addinin Buda mai ba da muhimmanci ga zaman tunani, kuma ba ta hana shi shiga al'amuran mutane ba, tunda a 1090 shi ya jagoranci yashe Tafkin Yamma a Hangzhou. An sake korarsa zuwa Huizhou a 1094, sannan zuwa tsibirin Hainan a 1097 yana da kimanin shekara sittin, inda ya ci gaba da karantar da ɗalibai har aka yafe masa a 1100, ya rasu a Changzhou shekara guda bayan haka.